Ruwan da Bai Sauya Launi Ba

Ni na kashe tafkin Tungar Baure, kuma har yau ba mai cewa ya taɓa ganin mataccen kifi ko ɗaya yana yawo a kansa. Da kifin ya mutu ya taso, da tun a makon farko an kama ni, an zage ni, an huta.

Sunana Lauwali, ɗan Malam Gidaɗo na Tambuwal. Gidanmu gidan karatu ne, zauren mahaifina ba ya rabo da masu ɗaukar fiƙihu tun daga hantsi har la'asar. Shi ya so in gaje shi. Ni kuwa na ɗan taɓa nasa karatun, na tsallaka boko, na yi kwas na shekara biyu a kan lafiyar dabbobi, na fito da takarda guda da girman kai buhu guda. A 1977, lokacin da kuɗin mai ya sa gwamnati ke rabon taki da magani kamar goron suna, aka ba ni sabon babur, aka tura ni ƙasar Kebbe. Aikina in kula da kwamin wankan shanu da aka gina a Tungar Baure, wani ƙauye da ke gefen hanyar Fakku.

Kwamin dogon rami ne na siminti. A cika shi da ruwa, a zuba maganin kaska, a koro shanu su faɗa ta wannan baki su fita ta wancan. Mutanen wajen manoma ne masu shanu, kaska ta daɗe tana cinsu, don haka suka karɓe ni hannu bibbiyu. Likita suke ce mini. Ban taɓa gyara musu ba.

In ruwan kwamin ya tsufa ya cika da kashin shanu, sai a kwashe a zuba sabo. A makaranta an koya mana a haƙa rami mai zurfi nesa da ruwa, a nan ake zubar da tsohon. Na sa aka fara haƙa, diga ta ci karo da marmara, ta yi tsalle. Kwana biyu ana fama ba a kai gwiwa ba. Na tsaya na dubi wurin, na ga ƙasar gangare ce, tana sauka da kanta zuwa tafki, tafiyar da ba ta fi taku ɗari biyu ba. Na ce a bar ramin, a ja mini 'yar kwata. Kafin azahar an gama, har ina yaba wa kaina dabara.

Tafkin nan ba kamar sauran ba ne. Ba ya haɗuwa da gulbi sai shekarar babbar ambaliya, don haka kifinsa nasa ne, a ciki ake haifarsu, a ciki suke girma. Mai kula da shi Sarkin Ruwa Ɗangiwa, wani dogon tsoho mai ƙarancin magana, wanda ya gaji aikin daga ubansa. Da ruwan farko na damina ya sauka sai ya kafa sanda a bakin tafki ya ɗaura mata kaba. Daga ranar ba mai jefa ko ƙugiya, har shi kansa, sai bazara ta yi, ya kwance kabar, a yi su, wato kamun kifi na gayya, na kwana ɗaya. Ranar su mutane kan zo daga Kebbe da Fakku, har daga Sanyinna, kowa da homa da gora. Ƙananan kifi a mayar da su ruwa. Can tsakiya kuma akwai gurbi mai zurfi da ba a shiga, shi ne iri. Duk ƙauyen sun yarda da Ɗangiwa yadda mutum ke yarda da hannunsa na dama.

Shi ne ya same ni a bakin kwatar, ranar da muka fara sakin ruwan, da mutane biyar ko shida a bayansa.

"Ɗan Malam," ya ce, "wagga kwata da kaj ja, ina taka zuwa?"

"Ga tafki taka zuwa, Baba Sarki."

"Ruwan ga shina kashe kaska. Abin da shika kashe kaska, mi zai yi ma ɗiyan kifi?"

Tambaya ce mai kyau, kuma na san amsarta. A jikin duron maganin an rubuta da Turanci cewa a nisanta shi da ruwan da ke da kifi. Na karanta, ni kaɗai ne ma a wurin mai iya karantawa. Amma mutane na kallo, ga ni da farar riga da biro a aljihu, tsoho da bante yana neman ya koya mini aikina. Raina ya ɓaci. Na ce a ba ni ƙwarya. Na gangara can gaba da inda kwatar ke zuba, na ɗebo ruwa, na kawo masa.

"Baba Sarki, duba. Launinai ya sake?"

Ya duba. "Bai sake ba."

"Shaƙa. Akwai wari?"

"Babu."

Na kafa kai na sha, na miƙa masa, shi ma ya kurɓa. Sannan na gyara murya irin ta mahaifina in yana fassara, na ce, "Ga karatu, ruwa mai yawa in wani abu ya faɗa cikinai, bai sake mai launi ba, bai sake ɗanɗano ba, bai sake wari ba, to tsarkinai na nan. Har alwala ana yi da shi. Ko tafkin ga ya fi alwala?"

Mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani har da cewa Allah ya ƙara sani. Ɗangiwa ya daɗe yana kallon ƙwaryar.

"Ni ban yi karatu ba," ya ce. "Tun da ɗan Malam Gidaɗo yaf faɗi, shi ke nan."

Hukuncin gaskiya ne, ban ƙirƙire shi ba. Amma hukuncin alwala ne, ba ruwansa da cikin kifi, kuma da mahaifina ya ji inda na kai shi da sai ya jefe ni da takalmi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa ƙuƙumi biyu na saka, na zaure da na boko. Don in kwantar da hankalina na samo tarwaɗa guda, na sa ta a bokiti da ruwan bakin kwatar, na bar ta kwana uku. Ba ta mutu ba. Ka ji gwaji, na zaɓi kifin da ko a cikin laka yana wata guda da rai, na ce shi ne shaidata.

Shekara biyu ba abin da ya faru sai alheri. Shanu suka yi sumul. Su na 1978 ya yi kyau, na 1979 ya fi shi a ido, don kusan duk abin da aka kamo manya ne, tarwaɗa kamar cinyar mutum, karfasa kamar faifai. Ba a sha wahalar tsince ƙanana ana mayarwa ba, don babu su. Mutane suna ta murna, wasu har suna cewa maganin Likita ne ya ƙara wa kifin ƙiba. Na yi dariya, ban musa ba.

Ɗangiwa ne kaɗai bai yi murna ba. Da damina na sha ganinsa a cikin ciyawar gefen tafki, ruwa iya ƙauri, ya sunkuya yana buɗa ta da hannu. A nan 'ya'yan kifi ke taruwa, baƙi ƙirin kamar an watsa toka. Na tambaye shi abin da ya ɓata, ya ce, "Ɗiya nika biɗa, ɗan Malam. Ban gane su ba." Na ce wataƙila sun koma wancan gefen, na tayar da babur.

Matarsa, Inna Marka, ita ce ta fara nuna mini da ido. Ita ke bandar kifi, duk kifin gidan ta hannunta yake bi, kuma ba ta raga wa kowa a baki. Washegarin sun 1980, wanda ya ragu ƙwarai, na bi ta ƙofar gidansu, ta ƙwala mini kira.

"Likitan shanu! Zo nan in gani ko karatunka ya kai ga kifi."

Tana zaune a kan turmi, gabanta tarwaɗa a fafe. Ta ɗago wani abu da bakin wuƙa.

"Wagga mace ta. Shekara talatin nika fafe su, yanzu lokacin da cikinta ka cika da ƙwai na, har shi rinjaye ta. Duba, ya shanye awa tsumma." Ta jawo wani. "Wanga kuwa namiji na, ga alama tai nan. Farin abin nan na cikinai ya ƙanƙance, kuma duba tsaba-tsaban ga. Ƙwai na. Ina kat taɓa jin namiji da ƙwai? Ko zamanin ga na kuɗin mai har kifi sun ruɗe?"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma daren nan tuwo bai shiga ba.

Bayan Sallar layya ta wannan shekara na je gida Tambuwal, na haɗu da Attahiru, abokin karatuna na sakandare, wanda ke aikin binciken kifi can wajen Kainji. Muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, na kawo masa labarin, amma na ce wani abokin aikina ne a can ƙasar Zamfara abin ya faru da shi. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye kofin shayinsa.

Ya ce ba kowace guba ce ke kisa ba. A jikin kifi, kamar a jikin saniya da mutum, akwai wasu ruwaye da ke kai saƙo, su ke gaya wa jiki lokacin balaga ya yi, mace ta yi ƙwai, namiji ya yi nasa. Wasu magungunan ƙwari in sun shiga jiki sai su yi shigar waɗannan 'yan saƙo, su kai saƙon ƙarya. Kifin zai ci, ya yi ƙiba, ya yi iyo lafiya lau, amma haihuwa ta rikice. Ya ce ba a gama gane abin ba tukuna, amma sun ga alamunsa, kuma ɗan kaɗan ya isa, wanda hanci da harshe ba za su taɓa ji ba. Ga shi irin wannan magani ba ya ruɓewa da wuri, yana kwanciya a laka, tsutsa ta ci, kifi ya ci tsutsa.

"In ya daina zubawa fa?" na tambaya.

"Shi daina yau, ba gobe ba. Amma laka sai ta yi shekaru." Ya dube ni ta gefen ido. "Abokin nan naka, Lauwali, shi gaya ma mutanen garin. Su ad da ruwan."

Na ce zan gaya masa.

Da na koma na sa aka toshe kwatar. Na ɗauko masu fasa dutse daga Kebbe suka huda marmarar, kwana shida kacal, abin da na kasa jira tun farko. Da aka tambaye ni dalili na ce sabon umarni ne daga ofis. Ban gaya wa kowa komai ba. Na ce a raina ai na gyara, tafki zai farfaɗo, magana ta mutu ba tare da an ji kunyar gidan Malam Gidaɗo ba. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, kuma ina son sunan Likita.

Su na 1981 ya zo. Mutane sun fi ɗari biyar suka shiga ruwa da ihu, aka yi ta tura homa daga hantsi har rana ta take, aka fito da abin da bai cika kwando goma ba. Baƙin da suka zo daga nesa suka koma hannu rabbana, suna ba'a. Kafin magariba magana ta fara zagayawa. Ba a ga mataccen kifi ba, ruwa bai ƙafe ba, to ina kifin ya tafi? Kifi ba ya tashi sama. Wani ya ce ya taɓa ganin motar 'yan Jega masu sayen banda ta tsaya kusa da gidan Sarkin Ruwa. Wani ya ce ai an yi wa ɗakin Inna Marka rufin kwano. Kwanon kuwa ɗansu Dawuda ne ya saya da kuɗin gyaɗarsa, kowa ya sani, amma ranar kowa ya manta.

Dawuda shi ne babban ɗan Ɗangiwa, mai jiran gado, mutum mai zafin zuciya da ke ganin ubansa kamar waliyyi. Ya mari mutum biyu a kasuwa a kan wannan magana. Shi ne ma ya matsa wa mai gari a tara jama'a, ubansa ya wanke kansa a gaban kowa.

Aka taru a ƙofar mai gari bayan la'asar. Aka shimfiɗa mini buzu a gaba, kusa da liman, saboda ni ma'aikaci ne kuma ɗan malamai. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, duk wanda ya ambaci ruwa sai in ɗauka da ni yake. Wani dattijo ya ce, "Ko dai maganin shanun nan na?" Kafin in buɗe baki mutum uku suka taso masa. "Haba! Ba gabanmu Likita yash sha ruwan ba? Ba shi yak kawo muna hukunci ba?" Suka dube ni. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka tawali'u ne.

Mai gari ya ce, "Sarki, tsakaninka da Allah, ka taɓa taɓa kifin tafkin ga kaba na ɗaure?"

Dawuda na tsaye a bayansa, ya harɗe hannu yana jiran a ji kunya. Ɗangiwa ya ɗago kai. Sannan ya ce, "Na taɓa."

Jama'a suka dubi juna, shi kuwa ya ci gaba.

"Shekara fuɗu ke nan. Hindatu ɗiyata ta haihu, jini ya zuba, ba ta cin komi, tac ce romon tarwaɗa taka so. Nis shiga nik kamo guda. Guda ɗai. Tun da kifin ga yaf fara ɓacewa nika tunanin ita ta. An ba ni amana nic ci, Allah ya ɗauke albarka. Ba ni da wanda zan ɗora ma laifi."

Ba wanda ya ji kalmar guda. Abin da aka ji shi ne ya amsa. Wanda ya kama ɗaya ya kama dubu, in ji wani daga baya, aka ɗauka. Mai gari ya sa aka je gidan Ɗangiwa aka ɗauko babban goran da Sarkin Ruwa ke hawa ranar su, wanda suka gada tun kaka da kakanni, aka ajiye shi a zauren mai gari. Na dubi Dawuda. Fuskarsa ba fushi, kamar dai an zare masa laka. Ya juya ya fita daga taron, bai jira ubansa ba.

Sai liman, da muryarsa ta dushe da mura, ya ce, "Ɗan Malam, rufe muna da addu'a."

Na ɗaga hannu. Na roƙi Allah ya tona asirin azzalumai, ya mayar da albarkar ruwa, ya tsare mu da cin amana. Jama'a na cewa amin, Ɗangiwa ma na cewa amin. Duk abin da na aikata a rayuwata, ba wanda ke hana ni barci kamar wannan addu'a.

Kafin mako ya zagayo Dawuda ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya tafi Yawuri, ya bi masuntan gulbi. An ce bai yi wa ubansa sallama ba. Ni kuma da damina ta faɗi na nemi canji, aka mayar da ni Tambuwal, aka yi mini walima har da rago.

Shekara biyu na yi ina gaya wa kaina gobe. In na ga mutumin Tungar Baure a kasuwa sai in ratse ta layin masu tukwane. Duk da haka labari na iso ni. Ɗangiwa ya daina zuwa sahun gaba, ya koma sallah a bakin ƙofar masallaci. Yara sun sa masa suna Sarkin Romo. Inna Marka ta daina banda, ta koma sayar da daddawa. Na rame, matata ta ɗauka ciwon shawara ne, ta yi ta dafa mini saiwoyi.

Wata safiya a 1983 na zauna a bayan zauren mahaifina ina jiran a tashi, na ji yana yi wa ɗalibai babin tsarki. Wani ya tambaye shi, in guba ta faɗa rijiya ba ta sauya komai ba, a sha? Mahaifina ya yi tsaki ya ce, "Kai, tsarki daban, cuta daban. Wa yac ce maka duk abin da anka yi alwala da shi ana ba ɗan mutane shi sha?" Ɗalibai suka yi dariya. Ban jira gaisuwar ba, na hau babur na kama hanyar Kebbe.

Na same shi da rana tsaka a ƙofar gida, yana tufkar igiya. Ya tsufa fiye da shekara biyu. Ya yi murnar ganina, abin da ya fi komai ciwo, ya kira Inna Marka ta kawo fura. Na ce a bar furar tukuna, su zauna su biyun.

Na faɗa musu duka. Marmarar, kwatar, rubutun jikin duro, tarwaɗar bokiti, bayanin Attahiru, yadda maganin ke shiga kifi ya hana shi haihuwa ba tare da ya kashe shi ba. Na ce tarwaɗar Hindatu ba ta da laifin komai, ko ɗari ya kama ba za su yi wannan ɓarna ba. Ina magana ina kallon igiyar da ke hannunsa, don na kasa kallon fuskarsa.

Inna Marka ce ta fara magana. "Namiji da ƙwai," ta ce a hankali. "Nin nuna maka da wuƙata, kay yi dariya." Ta tashi da ƙwaryar furar ta shige gida, ban sake ganinta ba ranar.

Ɗangiwa ya ci gaba da tufka kamar bai ji ba. Can ya ce, "Tun yaushe kas sani?"

"Tun bayan layyar tamanin, Baba Sarki."

Ya lissafa da leɓɓansa. "Kahin taron ke nan."

"Kahin taron."

Ya ajiye igiyar. Na jira zagi, wallahi da ya zage ni da na ji sanyi. Na ce zan tafi wurin mai gari yanzu-yanzu, a tara mutane ranar Juma'a, in faɗa da bakina, a mayar masa da goransa.

"Ka tafi, ka faɗi," ya ce. "Amma gora ba ni so, gwiwa ta ƙare. Su ba wanda sunka ga dama." Ya share ido da gefen hannu. "Ɗan Malam, kana da takarda nan?"

Na ce akwai, a jakar babur.

"Dawuda na Yawuri. Na aika mai sau ukku, bai maido amsa ba. Ya haihu ɗa namiji, bai sa mai sunana ba. In ni nif faɗi ba ya yarda, ya ji ni da kunnenai ina amsa laifi. Kai ka rubuta, da hannunka, ka sa sunanka da na mahaifinka ƙasa."

Na ɗauko takardar ofis, na juya bayanta, na ɗora a gwiwa. Na tambaye shi yadda za a fara. Ya ce in rubuta duk yadda na gaya masa, kada in rage, amma in fara da magana guda da zai faɗa mini. Ya gyara zama, ya faɗa, na rubuta. Na cika shafin, na sa hannu, Lauwali ɗan Malam Gidaɗo, Tambuwal.

"Karanta mini," ya ce.

Na karanta. "Zuwa ga Dawuda. Bayan gaisuwa, ubanka ba ɓarawo ba ne." Na ci gaba har ƙarshe, yana saurare ido a rufe. Da na gama na fara ninke takardar, sai ya miƙo hannu ya dafa gwiwata.

"Dakata. Ba duka ba. Na farkon nan ɗai. Sake karanta mini shi."